Yadda ake kai matasa sansanin kamun kifi da ƙwaron ƙarya a gaɓar tekun Tekzas

Wanda ya saba da fatsar bakin kogi, a soke tana a ƙugiya, a ɗaura dalma, a jefa a zauna jira, sai ya ajiye wannan sanin a gefe tukuna. A wannan fatsar ba a sa tana ko nama. Gashin tsuntsu, gashin wutsiyar barewa da zare mai ƙyalli ake ɗaurewa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ɗan kifi, jatan lande ko ƙaramar kaguwa. Shi ne ƙwaron ƙarya. Ba shi da nauyin da za a wurga shi, saboda haka igiyar ce aka yi wa nauyi, ita ke ɗaukarsa ta kai shi gaban kifi. Kuma a ruwan gishiri marar zurfi ba a jifa a makance. Sai an ga kifin da ido, sannan a jefa masa.

Wannan shi ke sa sansanin matasa ya yi wuya, shi kuma ke sa ya yi albarka. Sansani kan ɓaci tun a tudu, in an kai yara cikin ruwa kafin hannunsu ya iya jifa.

Wuri da lokaci

A kudancin jihar Tekzas ta Amurka, kusa da birnin Corpus Christi, akwai tafkin gishiri mai suna Laguna Madre, kwance tsakanin tudu da tsibirin Padre. Tsawonsa ya haura kilomita 200, amma zurfinsa a yawancin wurare bai wuce mita ɗaya ba, wani wurin ma iya gwiwa ne. Koguna kaɗan ke zuba a cikinsa, rana kuma na ƙafar da shi, har ruwansa kan fi na teku gishiri. Ƙasansa ciyawar ruwa ce da filayen yashi, ruwan kuma garau yake in iska ba ta dama shi ba. Yaro ɗan shekara 12 zai iya tsayawa da ƙafarsa ya ga kifi yana kiwo. A cikin gandun gwamnati na tsibirin Padre akwai wurin kafa tanti a Bird Island Basin, daf da bakin tafkin. Sai dai a san cewa masu wasan zamiya a kan ruwa da ƙarfin iska ma nan suke taruwa, kuma ba don komai ba sai don iskar wurin. Babu inuwa, ruwan sha kuma a zo da shi.

Hutun makaranta daga Yuni zuwa Agusta yake, lokacin da zafi ke kai digiri 33 zuwa 35, iskar kudu maso gabas kuma na tashi kusan kullum da hantsi ya yi nisa. In da hali, Oktoba da farkon Nuwamba sun fi: zafi ya sauka, kifi na cin abinci sosai. Lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, don haka a riƙa duba hasashen yanayi tun mako guda kafin tafiya, a kuma sanya ranar canji tun farko. Cikar teku da janyewarsa ba su da ƙarfi a wannan tafki. Iska ce ke tura ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, filin da jiya ruwa ya kai ƙwauri yau sai a tarar da shi tabo.

Kwana huɗu sun isa. Yara takwas zuwa goma, 'yan shekara 12 zuwa 17, da babba ɗaya ga kowane yara biyu a cikin ruwa. Wanda bai kai shekara 17 ba ba ya bukatar lasisin kamun kifi a Tekzas, amma manya sai sun yanka, tare da izinin ruwan gishiri. A karɓi takardar amincewar iyaye, da bayanin ko yaro ya iya iyo, da maganin da yake sha, da abin da jikinsa ba ya so.

Kaya

Sanda mai tsawon ƙafa 9, wato mita 2.7, mai lamba 8. Lambar tana nuna nauyin igiyar da ta dace da ita. Ƙasa da haka iska za ta fi ƙarfinta, sama da haka kafaɗar yaro za ta gaji kafin hantsi. Ƙaramin yaro a ba shi lamba 7. Ril, wato faifan da ke naɗe igiya, ya zama na ruwan gishiri mai rufaffen birki, domin gishiri na saurin lalata na ruwan daɗi.

Abu uku ake naɗawa a kan ril. Da farko zaren baya, kimanin mita 150 mai ƙarfin fam 20, wato mai jure nauyin kusan kilo 9, ajiya ce don ranar da kifi ya ja da nisa. Sai igiyar jifa mai lamba 8, wadda ke yawo a saman ruwa, mai nauyi ta gaba. A tabbata irin ta ƙasashe masu zafi ce, domin ta ruwan sanyi laushi take yi a rana ta riƙa manne wa sanda. Sai zaren gaba, farin zaren roba mai ƙafa 9, mai kauri a gindi da siranta a baki, bakinsa mai ƙarfin fam 12 zuwa 16. Kowane yaro a tanadar masa uku.

Ƙwaro kuwa kada a cika akwati. Iri huɗu sun wadatar, a kan ƙugiya lamba 2 zuwa 6: Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro, mai idanun ƙarfe da ke sa bakin ƙugiya ya kalli sama; sai mai kama da jatan lande, launin ƙasa; sai mai siffar cokali, launin zinariya; da mai yawo a saman ruwa yana tartsatsi. Duk wanda za a ja cikin ciyawa ya kasance da ɗan zaren kariya a gaban ƙugiya. Kafin a bar gida, a ɗauki filaya a danne kunnen kowace ƙugiya, wato 'yar ƙayar da ke hana ta fita. Ƙugiya marar kunne in ta shiga fatar yaro zamewa take yi ta fita. Mai kunne sai asibiti.

Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, launin jan ƙarfe ko ruwan zuma, wajibi ne ga kowa, manya da yara. Aikinsa biyu: da shi ake ganin cikin ruwa, shi kuma ke tsare ido daga ƙugiya. Sai hula mai baki, riga mai dogon hannu, dogon wando marar nauyi, ƙyallen rufe wuya, da takalmin shiga ruwa mai tauri a ƙasa wanda ya rufe idon sawu. Silifa ba ta shiga wannan ruwa. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na girki.

Ranar farko, a tudu

Ranar farko ba a taɓa ruwa da sanda. Yara za su yi ƙorafi, a bar su su yi. A cire ƙwaro a ɗaura ɗan ulu mai launi a bakin zare, a jera su a fili da tazarar mita 20 tsakaninsu, kowa da tabarau.

A jawo igiya kamar mita 8 a shimfiɗa a gaba. Yaro ya kama sanda da babban yatsa a sama, bakinta a ƙasa. Ya ɗaga a hankali, ya ƙara sauri, ya tsaya cak idan sandar ta ɗan wuce kansa. Ya jira igiya ta miƙe a baya. Sannan ya turo gaba, a hankali zuwa sauri, ya sake tsayawa cak daidai tsayin ido. Tsayawar nan ita ke harba igiya, ba ƙarfin damtse ba. Abin da ya sa sau da yawa yarinya marar ƙarfi mai sauraro kan riga ƙaton saurayi iyawa ke nan.

Kurakuran sanannu ne, kowanne da alamarsa. In aka ji ƙara kamar ta bulala, ya turo gaba tun igiya ba ta miƙe ba, kuma da ƙwaro ne da ya tsinke. In igiya na dukan ƙasa a baya, ko ya jira da yawa ko wuyan hannunsa na karyewa. Maganinsa a cusa gindin sandar cikin hannun rigarsa na minti goma. In ƙananan ƙulli na fitowa a zaren gaba, yana fizga ne da ƙarfi tun farkon turi. Mutane kan ɗora wa iska laifin wannan ƙulli, amma hannu ne. A kwance shi nan take ko a canza zaren, domin a nan zai tsinke ranar da kifi ya kama.

Da yamma a ajiye tayar keke a nisan mita 6, 9 da 12. Abin da ake nema shi ne ulu ya faɗa cikin taya da lilo biyu ko uku kawai, wato kai-komon igiya a iska kafin a sake ta. Nisa ba shi ne abin nema ba. Yawancin kifin da yaro zai samu a ƙafa bai wuce mita 12 ba, amma ba ya jiran mai lilo sau goma. Wanda hannunsa ya faɗa sai a ƙara masa jan igiya da hannun hagu, sau ɗaya a baya sau ɗaya a gaba, abin da ke ba igiya saurin ratsa iska.

Da dare, a hasken fitila, ƙulli biyu kacal: na haɗa zare da zare, da na ɗaure ƙwaro mai barin ɗan zobe don ya riƙa rawa a ruwa. A jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja, in ba haka ba zafin gogayya zai ƙone zaren. Kowa ya ɗaura nasa, ya saƙala ƙugiyar a wani ƙarfe, ya ja da ƙarfi. Doka ce daga nan har a tashi: babba ba ya ɗaura wa yaro ƙulli. In kifi ya tafi aka ga bakin zare ya nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙullin ne ya warware, kuma mai shi ya san wanda ya ɗaura. Ba sai an yi masa wa'azi a kan gaggawa ba.

Shiga ruwa

A tashi da asuba, a karya, a shiga ruwa da fitowar rana, a fito kafin ƙarfe 11. Da sassafe ruwa kwance yake kamar madubi, a nan ake ganin wutsiyar kifi. Daga ƙarfe 9, da rana ta ɗaga, ake fara ganin cikin ruwan sosai. A tsara tafiya yadda rana za ta kasance a baya, iska kuma ta fito ta gefen hannun da ba ya jifa. In tana bugun kafaɗar jifa, ƙwaro zai dawo kan yaron. Sai ya juya baya ga inda yake nufi, ya sauke igiyar da jifan baya.

Ba a ɗaga ƙafa a wannan ruwa, ja ake yi. Akwai kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa cikin yashi, da ƙaya mai dafi a wutsiya. In aka zungure shi da bakin takalmi gudu yake yi, in aka taka bayansa sai ya soka. Haka kuma ba a komawa da baya cikin ƙurar da ƙafa ta tayar, domin yakan biyo ta yana neman abinci. A yi atisayen jan ƙafa a bakin ruwa har ya zama jiki.

A haɗa yara biyu-biyu da sanda ɗaya. Ɗaya na riƙe da ita, ɗaya na gefensa na hagu yana duba masa, su canza bayan kowane minti 20 ko bayan an jefa wa kifi, ko an samu ko ba a samu ba. Yadda ake nuna kifi da agogo ne: inda mai sanda ya fuskanta ƙarfe 12, damansa ƙarfe 3, hagunsa ƙarfe 9. Mai duba ya ce, “Ƙarfe 10, mita 9, yana zuwa dama,” da murya ƙasa-ƙasa. Wannan tsari ya fi ba kowa sandarsa. Yaron da ba ya riƙe da komai shi ya fi gani, kuma idan abokinsa ya kama kifin da shi ya nuna, murnar tasu ce su biyu.

Kifin da aka fi nema shi ne wanda mutanen wurin ke kira redfish, wato jan kifi, mai launin jan ƙarfe da baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Bakinsa ta ƙasa yake, yana tonon kaguwa da jatan lande a gindin ciyawa. Idan ya kifa kai a ruwa iya ƙwauri, sai wutsiyarsa ta ɓullo, bakinta shuɗi-shuɗi, tana kaɗawa a hankali kamar ganye, ta nutse, ta sake fitowa taku biyu gaba. Yaron da ya ga wannan karo na farko hannunsa rawa yake yi, igiya kuma ta sarƙe a ƙafarsa. A sa ran haka. Wasu alamun su ne ɗan tudun ruwa mai tafiya a miƙe, gajimaren tabo a ruwa mai kyau, jatan lande na tsalle, da inuwa mai ratsa farin yashi. A koya musu kada su nemi kifi gaba ɗayansa. Abin da ya saɓa wa sauran ruwan shi za su nema. Taku uku, a tsaya, a duba. Mai saurin tafiya kifi kawai yake kora, sai ya ga ƙura ta tashi a inda kifin yake.

Ƙwaro ya sauka kamar rabin mita zuwa mita ɗaya a gaban kan kifin, ba a bayansa ba, kuma igiya mai kauri kada ta faɗa a kansa. A sauke bakin sanda har ya kusa taɓa ruwa, a danne igiya da manunin hannun dama, a riƙa ja da hagu kaɗan-kaɗan, kamar tsawon tafin hannu. Ƙwaron ya riƙa gudu daga kifin. A duniyar ruwa jatan lande ba ya tunkarar mai cinsa, kifi kuma ya san haka.

Ga inda kusan kowa ke faɗuwa. Idan kifi ya haɗiya, hannu kan so ɗaga sanda sama. Kada a ɗaga. Bakin kifin tauri gare shi, sanda kuma lanƙwasa take yi, ƙugiya ba za ta shiga ba. A bar sanda a ƙasa, a ja igiya da hagu dogon ja guda, sai an ji nauyi sannan a ɗaga. In ma ya kuskure, ƙwaro na nan a gabansa, yakan sake kai hari. A yi atisayen wannan a tudu: babba ya riƙe bakin zare ya fizga ba zato, yaro ya amsa da jan hannu, sau ashirin.

In ya kama zai ruga. A bar igiyar da ke ruwa ta bi ta cikin yatsu har ta ƙare a kan ril, a cire hannu daga mariƙin ril lokacin da yake juyawa. A riƙa jan sanda ta gefe, akasin inda kifi ya nufa. Kada bakin sanda ya miƙe tsaye sama idan kifi ya iso ƙafa, a nan sanduna ke karyewa. Babba ya yi magana, amma kada ya karɓi sandar, ko da yana ganin kifin zai kuɓuce.

Ranar da jan kifi ya ƙi, a koma bakin hanyar jiragen ruwa inda ruwa ya ɗan yi zurfi, a jefa Clouser a ja da sauri. Akwai siririn kifi fari fat mai yawan tsalle da ke cafkar kusan komai. Ba a cinsa, amma ya sha ceton sansani. Bakinsa na goge zare, don haka a ƙara guntun zare mai ƙarfin fam 30 a gaba.

Sakin kifi da faɗin gaskiya

A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, domin busasshen hannu na kankare yauƙin da ke kare fatarsa. Hannu ɗaya a gindin wutsiya, ɗaya a ƙarƙashin ciki, yatsa ba ya shiga cikin kunnuwansa. A shirya kyamara tukuna, a ɗaga shi daƙiƙa goma, a mayar. A riƙe shi a miƙe cikin ruwa har ya fizge da kansa. In za a ci ɗaya ko biyu, dokar Tekzas ta yarda da jan kifi uku a rana ga mutum, masu tsawon inci 20 zuwa 28. Dokokin nan kan canza, a duba littafin shekarar na hukumar gandun daji da namun jihar.

Kowane yaro ya riƙe ɗan littafi. Da dare ya rubuta lokaci, inda iska ta fito, zurfin ruwa, kifi nawa ya gani, nawa ya jefa wa, nawa suka ci, nawa suka iso hannu, da tsawonsu a kan awo, ba a kan zato ba. Abokinsa ne shaida. Amfanin wannan ya fi bayyana ga yaron da bai kama komai ba: jiya ya ga biyu, yau ya ga tara, ya jefa wa huɗu, ɗaya ya biyo ƙwaro. Ci gaba ne a rubuce, da hannunsa. Kada a sa gasar wanda ya fi kamawa. Da an sa ta, mai duba ya daina duba wa abokinsa, inci 19 kuma ya zama 21. A wurin hira tambaya guda ta isa: me ka gani yau da ba ka gani jiya ba?

In abu ya faru

In kifin nan mai faɗi ya soki wani, a fito da shi, a wanke, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure, kimanin digiri 43 zuwa 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a kai shi asibiti ko da zafin ya lafa, domin guntun ƙaya kan saura a ciki. Saboda wannan a riƙa ajiye fulas na ruwan zafi a mota. Akwai kuma wani ɗan'uwan ƙurungu mai ƙayoyi masu dafi a baya da gefe. In ya kama, babba ya cire shi da filaya. Mai buɗaɗɗen rauni ba ya shiga ruwa, domin ruwan gishiri mai ɗumi na ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio. Raunin da ya kumbura, ya yi ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti ne a daren, ba a jira safiya. Ƙugiya kusa da ido ba a taɓa ta.

Da an ji tsawa a kwantar da sanduna a fita, domin kayan da aka yi su da shi na ɗaukar lantarki. Ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji wata ba. A shafa man kariya daga rana kowane awa biyu, har bayan hannu da kunne, a sa kowa ya sha ruwa kowane rabin awa ko bai ji ƙishi ba. Yaron da ya yi shiru, ko kansa na ciwo, ko ya fara tuntuɓe, a kai shi inuwa nan take. In an shiga kwalekwale kowa ya sa rigar ceto, kuma a kiyaye ciyawar ruwa, tumɓuke ta da farfelar inji laifi ne a Tekzas. Cikin tuddan yashi akwai macizai, a hana yara kutsawa, abinci kuma a kulle shi a mota da dare.

Kowace rana, kafin a ci abincin rana, kowa ya wanke kayansa da ruwan daɗi: sanda gaɓa-gaɓa, musamman zobban ƙarfe, ril da ruwa mai zuba a hankali don kada a tura gishiri ciki, igiya a jawo ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ƙwaron da ya shiga ruwa a ɗauraye shi a shanya a jikin hula, kada a mayar da shi akwati da danshi, tsatsarsa za ta kama sauran. Ranar tashi a sassauta birkin ril gaba ɗaya, a bar komai ya bushe a inuwa kafin a sa a jaka, sannan a bi filin a jere a tsince kowane guntun zaren roba, domin tsuntsayen bakin ruwa na sarƙewa a ciki.